Tazara Tsakanin Tsammani Da Abin Da Aka Samu: Yaya Ake Auna Ta?

A ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024 ne Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya, watau NERC, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin wuta ga masu amfani da ita waɗanda ke cikin rukunin A, inda kuɗin kowane yunit ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa naira 225. Bayan wata guda aka rage shi zuwa naira 206 da kwabo 80. Hujjar da hukumar ta bayar ita ce, waɗannan mutane, waɗanda ta ce kimanin kashi 15 cikin ɗari ne na masu amfani da wuta, za su riƙa samunta aƙalla awa 20 a kowace rana. Tsarin kasa jama'a rukuni-rukuni kuwa tun a shekarar 2020 aka shigo da shi: rukunin B awa 16, rukunin C awa 12, rukunin D awa 8, rukunin E kuma awa 4.

Mafi yawan maganganun da suka biyo bayan wannan sanarwa sun tsaya ne a kan tsadar kuɗin, kuma ba abin mamaki ba ne. Amma akwai wani ɓangare na al'amarin da ya cancanci ma'aikatan Gwamnati da ɗalibai su yi nazarinsa. Da zarar hukuma ta faɗa wa mutum cewa zai sami wuta awa 20, ta riga ta ƙayyade masa abin da zai sa rai da shi. Daga ranar nan ba zai ƙara auna aikin kamfanin rarraba wuta da abin da ya saba gani a da ba, sai dai da wannan adadi da aka ambata masa. In ya sami awa 14 zai ce an cuce shi, alhali maƙwabcinsa na rukunin D da ya sami awa 10 yana ta godiya. Wanda ya fi samun wuta shi ya fi ƙorafi. Duk wanda aka ɗora wa aikin auna gamsuwar jama'a, a asibiti ne ko a banki ko a ofishin haraji, lalle ne ya fahimci dalilin haka kafin ya fara rarraba takardun tambayoyi.

Asalin ma'aunin

A ƙasar Amurka aka fi yin zurfin bincike a kan wannan batu. A shekarar 1980 wani malamin jami'a mai suna Richard Oliver ya bayyana cewa gamsuwar mai saye tana fitowa ne daga kwatanta abubuwa biyu, watau abin da ya yi tsammani kafin ciniki da abin da ya ga ya samu bayansa. In abin da ya samu ya ɗara tsammaninsa sai ya yi farin ciki, in ya kasa sai ransa ya ɓaci. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke cewa sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa. Abin da ya rage shi ne yadda za a mai da shi lissafi.

Wasu malamai uku, A. Parasuraman da Valarie Zeithaml da Leonard Berry, su ne suka ɗauki wannan aiki. Sun tattauna da shugabannin kamfanoni da kuma abokan cinikinsu a sana'o'i huɗu: bankuna, da masu ba da katin bashi, da dillalan hannun jari, da masu gyaran kayan aiki. A shekarar 1985 suka fitar da sakamakon, inda suka nuna cewa tazarar da mai hulɗa yake ji a ransa tana da uwaye huɗu a cikin ma'aikatar kanta. Na farko, shugabanni ba su san ainihin abin da jama'a ke so ba. Na biyu, ko sun sani, ba su mai da shi ƙa'idar aiki a rubuce ba. Na uku, ko an rubuta ƙa'idar, ma'aikata ba sa aiki da ita, ko don rashin horo ko don rashin kayan aiki. Na huɗu, abin da ake faɗa wa jama'a a talla da sanarwa ya fi abin da ake iya yi. Waɗannan huɗu su ke haifar da ta biyar, wadda ita ce tazarar da ke tsakanin tsammani da abin da aka samu.

A shekarar 1988 suka tsara ma'aunin da ya yi suna da SERVQUAL. Yana ƙunshe da batutuwa 22, kuma kowane batu sau biyu ake tambayarsa. Da farko a tambayi mutum abin da yake ganin ya kamata ma'aikata irin wannan ta yi, sa'an nan a tambaye shi abin da ya ga wannan ma'aikata ta yi. Kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 7. Sai a ɗebe makin tsammani daga makin abin da aka samu. In mutum ya ba tsammani maki 7 ya ba abin da ya samu maki 4, to akwai giɓin maki 3. Batutuwan 22 an kasa su gida biyar: cika alkawari, da hanzarin biyan bukata, da iya aiki wanda ke sa mutum ya amince, da kula da halin kowane mutum, da kuma abubuwan da ido ke gani kamar gini da kayan aiki da tufafin ma'aikata. A binciken da suka yi ta maimaitawa, cika alkawari shi ne abin da jama'a suka fi bai wa muhimmanci, abubuwan da ido ke gani kuwa su suka zo a ƙarshe. Wannan darasi ne ga duk ma'aikatar da ta fi kashe kuɗi wajen fenti da sabuwar ƙofa a kan biyan haƙƙin mutane a ranar da ta ce za ta biya.

Sukan da aka yi masa

Ma'aunin ya bazu a duniya, har aka yi ta amfani da shi a asibitoci da jami'o'i da ɗakunan karatu, amma bai tsira daga suka ba. A shekarar 1992 Joseph Cronin da Steven Taylor suka nuna cewa tambayar abin da aka samu kaɗai ta isa, domin duk wanda ke ba da maki a kan aikin da aka yi masa ya riga ya kwatanta shi da tsammaninsa a zuci. Wasu kuma suka lura cewa in aka tambayi mutane abin da ya kamata a yi musu, kusan kowa maki 6 ko 7 yake bayarwa a kowane batu, saboda haka rabin tambayoyin ba sa bambanta komai. Har ila yau akwai matsalar lokaci. Galibi bayan mutum ya gama hulɗa da ma'aikata ake tare shi da takarda, a lokacin kuwa abin da ya gani ya riga ya sauya abin da yake tuna cewa ya yi tsammani.

Su ma masu ma'aunin sun yi gyara. A shekarar 1993 suka bayyana cewa tsammani hawa biyu ne: akwai abin da mutum yake fata, akwai kuma mafi ƙarancin abin da zai iya karɓa ba tare da ya yi fushi ba. Tsakanin biyun akwai filin haƙuri. Mai jiran fasfo yana fatan ya samu cikin mako guda, amma zai iya jure wata guda. In aka wuce nan sai ya fara neman wanda zai kai wa ƙara. Wannan fili yana faɗaɗa yana tsukewa bisa ga halin da ake ciki. Yana tsukewa in bukatar ta gaggawa ce, ko in mutum ya biya kuɗi mai yawa, ko in yana da wani wurin zuwa. Yana faɗaɗa kuma in ba shi da zaɓi. Ƙarin kuɗin wuta na 2024 ya tsuke filin haƙurin 'yan rukunin A ƙwarai, tun da wanda aka ninka wa kuɗi sau uku ba zai ƙara ɗaukar ɗauke wuta a matsayin ƙaddara ba.

Haɗarin ƙaramin tsammani

A nan ne babban haɗarin yake ga ƙasa irin Nijeriya. Ma'aunin an ƙirƙire shi ne a kasuwar da mai saye ke da zaɓi, in wannan banki bai yi masa ba ya koma wancan. Ma'aikatun Gwamnati da kamfanonin rarraba wuta ba haka suke ba. Mazaunin Kano ba shi da ikon ya ce daga yau kamfanin Jos zai riƙa ba shi wuta, haka kuma ɗan fansho ba shi da wani ofishi na biyu da zai kai takardunsa. Inda babu zaɓi, kuma aka daɗe ana saɓa alkawari, mutane sukan sauke tsammaninsu har ya zo daidai da abin da suke samu.

A ɗauki misalin asibitoci biyu. A na farko majinyata sun ba tsammani maki 7, abin da suka samu maki 5, giɓi ya zama 2. A na biyu majinyata sun saba da rashin magani da dogon layi, suka ba tsammani maki 3, abin da suka samu ma maki 3, babu giɓi ko kaɗan. Jami'in da ya dubi giɓi kawai zai rubuta wa Babban Sakatare cewa asibiti na biyu ya fi na farko aiki, a ba shi lambar yabo, a tura kwamitin bincike zuwa na farko. Ga shi kuwa na farko ya fi na biyu da maki biyu cur a ainihin aiki. Rashin giɓi a asibiti na biyu alamar fid da rai ce kurum.

Masanin tattalin arzikin nan ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami lambar Nobel a 1998, ya kawo wani misali mai kama da wannan a shekarar 2002. Ya nuna cewa a jihar Kerala, wadda take kan gaba a Indiya wajen yawan masu ilmi da tsawon rai, mutane sun fi yawan cewa ba su da lafiya in aka tambaye su. A jihar Bihar kuwa, inda asibitoci suka yi ƙaranci kuma rai bai kai na Kerala tsawo ba, masu cewa ba su da lafiya ba su da yawa. Wanda ya san akwai magani shi ke kiran ciwo da sunansa, wanda bai taɓa ganin likita ba kuwa yana ɗaukarsa wani ɓangare ne na zaman duniya. Ma'anar wannan ga mai mulki ita ce, yawaitar ƙorafi bayan an yi gyara ba lalle ne ya zama shaidar gazawa ba; sau da yawa yana nuna cewa jama'a sun fara yarda za a saurare su.

Akwai kuma abin da ya shafi al'ada da harshe. Bahaushe ko yana kwance rai a hannun Allah, in aka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi. In aka tambaye shi yadda aka yi masa aiki a ofis, musamman a gaban ma'aikacin da gobe ma wurinsa zai dawo, amsar ba za ta wuce "ba laifi" ko "alhamdu lillahi" ba. Kunya da kawaici halaye ne na kirki, amma mai bincike da ya rubuta "ba laifi" a gurbin "na gamsu" ya ɓata lissafinsa tun daga tushe. Bugu da ƙari, takardar da aka ajiye a bakin ƙofar ofis waɗanda suka zo kaɗai take samu, cikinsu ma sai masu iya karatu da harshen da aka rubuta ta. Matar da ta daina zuwa awon ciki saboda tsawar da aka yi mata, da manomin da ya haƙura da neman takardar gonarsa, ba za su taɓa shiga ƙidayar ba, su ne kuwa suka fi kowa abin faɗa.

Alkawari a rubuce

Maganin ƙaramin tsammani shi ne ma'aikata ta faɗi da bakinta abin da ya kamata a sa rai da shi, ta rubuta, ta manna a inda kowa zai gani. A Ingila gwamnatin John Major ta bi wannan hanya a shekarar 1991, sa'ad da ta umarci ma'aikatu su bayyana ƙa'idojin aikinsu ga jama'a da abin da mutum zai yi in an saɓa. A Nijeriya ma an yi irin wannan yunƙuri a watan Maris na 2004, lokacin da gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta kafa SERVICOM, aka bukaci kowace ma'aikata ta Tarayya ta rubuta takardar alkawarinta ga jama'a, ta kuma buɗe sashen karɓar koke. Ma'aunin da ofishin ya ɗauka yana duba abubuwa biyar: ko an biya bukatar da ta kawo mutum, ko an yi a kan lokaci, ko an ba shi cikakken bayani, ko ma'aikata sun san aikinsu, da kuma yadda suka karɓe shi. Biyan bukatar shi aka bai wa kaso mafi girma.

Amfanin alkawari a rubuce shi ne yana tsai da gefe guda na ma'auni. Tsammanin da ke cikin zuciya yana hawa yana sauka, amma awa 20 awa 20 ce, ko a Sabon Gari ko a Tudun Wada. Ta wannan fuska tsarin rukunin wuta ci gaba ne, domin ya bai wa mai biyan kuɗi abin da zai riƙe. Hukumar NERC ta ma haɗa da sharaɗi a umarninta na 2024, cewa duk babban layin da ya kasa ba da awannin da aka alkawarta har kwana bakwai a jere, a sauke shi daga rukunin A. Sai dai alkawari kaya ne, kuma ɗaya gefen ma'aunin, watau abin da aka samu, shi ma yana bukatar a tsai da shi.

A kan babban layi ake ƙirga awannin wuta, mai gida kuwa a ɗakinsa yake ƙirgawa. Tsakanin wuraren biyu akwai taransifoma da kan lalace ta yi makonni, akwai wayoyin da suka tsufa, akwai kuma wutar da kan zo ba ƙarfi har ta kasa juya injin niƙa. Littafin kamfani zai iya nuna awa 21 a ranar da wata unguwa ta kwana cikin duhu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ban da haka, ƙididdigar hukumar kanta ta nuna cewa a ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake kawo musu. Wanda ba shi da mita ba shi da shaidar abin da ya sha, balle ya kwatanta shi da abin da ya biya. A watan Oktoba na 2024 kuma, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, jihohi da dama suka yi kwanaki babu wuta, ba a ware ɗan rukunin A daga ɗan rukunin E ba. Wannan ya nuna giɓi na huɗu a fili: wanda ya yi alkawarin ba shi kaɗai ke riƙe da abin da za a cika shi da shi ba.

Abin da ya kamata a yi

Wannan magana ta ƙara matsowa kusa da ma'aikatan jihohi, domin Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi damar kafa hukumominsu na kula da harkar wuta, wasu kuma har sun karɓi ragamar. Jami'an da za a tura waɗannan hukumomi, da takwarorinsu na hukumomin ruwa da asibitoci da ofisoshin filaye, su ne za su riƙa karɓar rahotannin gamsuwar jama'a suna sa hannu. Kamata ya yi kowane irin wannan rahoto ya nuna lambobi uku a jere, kada a wadatu da ɗaya: abin da ma'aikata ta alkawarta, da abin da jama'a suka ce suna tsammani, da abin da aka tabbatar sun samu. In tsammanin jama'a ya gaza alkawarin ma'aikata, to ko dai ba su san da alkawarin ba ko kuwa ba su yarda da shi ba, kowanne daga ciki kuwa aiki ne a gaban shugaban wurin.

Sa'an nan tambayoyin su zama na abin da ya faru, waɗanda kunya ba za ta iya lanƙwasa amsarsu ba. Maimakon a ce wa mutum ko ya gamsu, a tambaye shi ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa aka gan shi, sau nawa ya dawo kafin a gama masa, nawa ya biya, ko an ba shi rasit. A yi tambayar da harshen da yake ji, a wajen harabar ofis, ta bakin wanda ba ma'aikacin wurin ba. A bi mutane gidajensu da kasuwanni don a ji daga waɗanda suka daina zuwa. A nan ɗaliban jami'o'i da kwalejoji suna da rawar takawa, domin da yawansu suna ɗaukar wannan ma'auni na 1988 su yi aikin kammala karatu da shi, tambayoyi 22 yadda suke, ba tare da sun duba ko batutuwan da suka dami abokin cinikin banki a Amurka su ne suka dami mai jiran kati a asibitin garinsu ba. Su kansu malaman da suka tsara shi da sauraron jama'a suka fara kafin su rubuta tambaya ko ɗaya.

Daga ƙarshe, a buga sakamakon kowa ya gani, a kuma maimaita binciken lokaci-lokaci da tambayoyi iri ɗaya, don a san ko gaba ake yi ko baya. Shugaban ma'aikatar da ya fara wannan aiki da gaskiya ya shirya ganin makinsa ya faɗi a shekarar farko, saboda jama'ar da aka faɗa wa haƙƙinsu za su fara nemansa. Kada Kwamishina ko Babban Sakatare ya hukunta shi a kan haka, domin in aka yi, sauran shugabanni za su koyi cewa hanyar samun yabo ita ce a bar mutane cikin rashin sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ma'aikatar da ke son gyara rufinta ba ta da abin da ya fi mata amfani kamar ta sa shi ya faɗa, ta rubuta yadda ya faɗa, ta koma bayan wata shida ta sake tambayarsa.